Awon Ƙanƙarar Teku da Ƙaramar Rada a Jirgi Marar Matuƙi, da Darasinsa ga Gulaben Shinkafi

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana wata dabara da masana suka ƙago a 'yan shekarun nan don awon ƙanƙarar da ke rufe teku a ƙarshen duniya na arewa da na kudu. Dabarar kuwa ita ce a ɗaura wata ƙaramar na'ura, wadda ake kira rada, a ƙarƙashin jirgin sama marar matuƙi, a tashe shi ƙasa-ƙasa bisa ƙanƙarar, na'urar tana auna abin da ido ba ya gani.

Da jin haka mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Shinkafi ko Zurmi da ƙanƙara, shi da ba ya ganinta sai ran da ta zubo tare da ruwan bazara kamar tsakuwa? Amsar tana da fuska biyu. Ta fari, ƙanƙarar nan tana cikin abubuwan da ke daidaita zafin duniya, damina kuwa zafi take bi. Ta biyu, matsalar da masanan ke fama da ita, watau sanin kaurin abin da ke kwance a ƙarƙashin mayafi, ita ce matsalar mai tonon ruwa a cikin yashin Gagare ko Bunsuru da rani. Wanda ya gane ɗaya ya kama hanyar gane ɗayar.

2. Kalmomin da za a yi aiki da su

Hausa tana da kalma ɗaya, ƙanƙara, ga abubuwa da yawa waɗanda mutanen ƙasashen sanyi suka rarrabe. Saboda haka wajibi ne a tsai da ma'ana tun da wuri. Ƙanƙarar teku ita ce ruwan teku da kansa sa'ad da ya daskare, yana yawo bisa sauran ruwan. Ta bambanta da ƙanƙarar tudu, irin wadda ta lulluɓe tsibirin Girinlan da nahiyar Antaktika, wadda kaurinta ya wuce kilomita 3 a waɗansu wurare. Dusar ƙanƙara kuwa, ko dusa a taƙaice, ita ce wadda ke zubowa daga sama fara fat, marar nauyi, ta kwanta bisa ƙanƙarar teku. In ƙanƙarar teku ta tsage ta rabu, kowane yanki za a kira shi faifai. Abin da ya ɗago na faifan bisa fuskar ruwa za a kira shi tozo.

Rada kalma ce ta aro daga Ingilishi, kuma a lura kada a gama ta da raɗa. Waɗansu sun so a ce mata na'urar amsa-kuwwa, gama da amsa-kuwwa take aiki, sai dai jama'a sun riga sun ba lasifika wannan suna. Zango kuwa kalma ce da masu sauraron rediyo suka saba da ita, tun da kullum suna jin ana cewa gajeren zango, mita kaza. Ma'anarta a nan ita ce dai wannan, watau tsawon igiyar rediyo guda.

3. Halin ƙanƙarar teku

Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a cikin kowane kilo, don haka ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifiri. A Tekun Aktik, wanda ke kewaye da ƙuryar duniya ta arewa, ƙanƙara tana yaɗuwa da hunturunsu har ta kai iyakarta a watan Maris, sa'ad da takan rufe murabba'in kilomita miliyan 14 zuwa 15. Daga nan ta yi ta narkewa har Satumba. A kudu kuwa abin juye yake, tana cika a Satumba, ta ragu ƙwarai a Fabrairu. Ƙanƙarar da ta yi hunturu ɗaya kaurinta mita 1 zuwa 2 ne. Wadda ta tsira daga narkewa ta shekara biyu ko fi takan kai mita 3 ko 4.

Tun daga 1979 taurarin ɗan'adam suke ƙididdige faɗinta ba fashi. Ƙididdigar ta nuna abin da ke saura a Satumba a Tekun Aktik yana raguwa da wajen kashi 12 cikin 100 a kowace shekara goma. A Satumba ta 2012 ya sauko har murabba'in kilomita miliyan 3.4, watau bai kai faɗin Nijeriya sau huɗu ba, alhali a farkon ƙididdigar ya kai ninki biyu na haka. A kudu ma, cikin Fabrairu ta 2023, abin da ya saura bai kai miliyan 2 ba.

Muhimmancin wannan yana ga launi. Ƙanƙarar da dusa ta rufe tana mai da kashi 80 ko fi na hasken rana sama, kamar yadda farar riga ke yi. Buɗaɗɗen ruwa kuwa baƙi ne, yana shanye fiye da kashi 90. In ƙanƙara ta ragu sai ruwa ya ƙara ɗumi, in ya ƙara ɗumi sai ƙanƙara ta ƙara raguwa. Masana yanayi kuma sun nuna cewa ruwan damina na ƙasashen Sahel yana bin bambancin zafi tsakanin tekunan arewa da na kudu. Sa'ad da arewacin Atlantika ya yi sanyi bisa ga kudancinsa, hadari ba ya nisa zuwa arewa, kuma wannan yana cikin dalilan farin da aka sha a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984. Lissafin da ake yi a kwamfuta don hangen daminar shekaru masu zuwa ba zai yi daidai ba in an kuskure ƙanƙarar arewa a cikinsa.

To, faɗi kaɗai bai isa ba. Faifai mai kaurin mita 3 da mai kaurin rabin mita duk fari ɗaya suke daga sama, amma ɗaya zai ga baɗi, ɗaya ba zai wuce Agusta ba. Jiragen yaƙin Amurka masu tafiya ƙarƙashin ruwa, waɗanda ɗayansu, Nautilus, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙuryar arewa a Agusta ta 1958, sun riƙa auna ƙanƙarar daga ƙasa. Da aka gwama awonsu a 1999, aka tarar nutson ƙanƙarar a ruwa ya ragu daga mita 3.1 a tsakanin 1958 da 1976 zuwa mita 1.8 a shekarun 1990. Amma irin waɗannan jirage ba su bin ko'ina, ba su kuma tafiya don masana. Dole a nemi hanyar awon kauri daga sama.

4. Lissafin tozo, da inda dusa ke ɓata shi

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito ya san gwargwadon kaya gwargwadon nutso. Haka faifan ƙanƙara yake. Ma'auni guda na ruwan teku, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa wajen kilo 1,024 ne. Na ƙanƙara wajen kilo 917, na dusa kuwa wajen kilo 320. Saboda bambancin ruwa da ƙanƙara kaɗan ne, kilo 107 kacal, sai kusan kashi tara cikin goma na faifan ya nutse, kashi ɗaya ya rage a sama. Wanda ya auna tozo, ya ninka shi kusan sau goma, ya sami kauri.

A kan wannan ƙa'ida aka gina taurari biyu. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba CryoSat-2 a Afrilu ta 2010, bayan na farkon ya halaka wajen harbawa a 2005. Yana kewaya duniya a nisan kilomita 700 da 'yan kai, yana auna tozo da rada. Hukumar NASA ta Amurka kuma ta harba ICESat-2 a Satumba ta 2018, shi da hasken leza yake awo. Haske yana tsayawa bisa dusa, igiyar rada kuwa ana sa ran ta ratsa dusar ta tsaya bisa ƙanƙara.

Ga inda wuyar take. A ɗauka tauraro ya ga wani faifai ya ɗago santimita 20 bisa ruwa. In duk ƙanƙara ce tsantsa, lissafi zai ba da kaurin mita 1.9. In kuwa santimita 10 na sama dusa ce, 10 na ƙasa ƙanƙara, kaurin mita 1.26 ne kawai. Watau dusar da ba ta kai taƙi ɗaya ba ta kawo saɓanin wajen santimita 65, sulusin amsar ke nan. Ko tauraro mai rada ma bai tsira ba, gama nauyin dusar yana danna faifan, kuskuren santimita 10 a dusa yana jawo kuskuren wajen 30 a kauri. Ban da haka dusa bargo ce. Zafi yana ratsa ta a hankali, wajen sau bakwai ƙasa da yadda yake ratsa ƙanƙara, saboda haka faifan da ke ƙarƙashin dusa mai kauri ba ya ƙaruwa da sauri da hunturu.

Abin mamaki, shekaru da yawa masana ba su da abin dogara game da zurfin dusar nan sai awon da Rashawa suka yi da sanda. Tun 1937, sa'ad da Ivan Papanin da mutum uku suka kafa sansani bisa wani faifai kusa da ƙuryar arewa, Tarayyar Sobiyat ta riƙa zaunar da mutane bisa ƙanƙara mai yawo. Awonsu na tsakanin 1954 da 1991 shi aka tattara aka buga a 1999, ya zama ma'aunin kowa. Amma galibinsa bisa tsohuwar ƙanƙara aka yi shi, ga shi kuwa yanzu sabuwa ta fi yawa, ita kuma ba ta tara dusa kamar tsohuwar. An auna wata teku, ana lissafi a kan wata.

5. Yadda rada ke aiki

Mutum in ya tsaya gaban dutse ya yi kuwwa, muryarsa takan dawo masa. In ya san saurin sauti, ya kuma ƙirga lokacin da ta ɗauka, ya san nisan dutsen. Rada haka take, sai dai igiyar rediyo take aikawa maimakon murya. Wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, shi ya fara yin rajistar irin wannan na'ura a 1904 don hana jiragen ruwa karo. Robert Watson-Watt ya gwada ta a Ingila a 1935 don hango jiragen sama, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya sa aka kyautata ta ƙwarai.

Shigarta harkar ƙanƙara ta hanyar hatsari ne. A shekarun 1950 matuƙan da ke tashi bisa ƙanƙarar tudu sun riƙa samun na'urarsu ta awon nisan ƙasa tana yi musu ƙarya, tana nuna suna can sama alhali sun kusa taɓa ƙanƙara. Amory Waite, wani ma'aikacin sadarwa na sojan Amurka, ya nuna cewa igiyar tana ratsa ƙanƙarar ne, tana dawowa daga dutsen da ke ƙarƙashi. Abin da ya zama sanadin faɗuwar jirage sai ya zama kayan aiki. A shekarun 1960 masanan cibiyar Scott ta Jami'ar Kambirij suka shiga auna kaurin ƙanƙarar tudu da wannan hanya.

Igiyar rediyo tana tafiyar kilomita 300,000 a sakan ɗaya cikin iska. In aka raba sakan kashi biliyan, kashi ɗaya shi ne nanosakan, a cikinsa kuwa igiyar tana cin santimita 30. A cikin busasshiyar dusa tana cin wajen 23, a ƙanƙara wajen 17, a ruwa 3 da ɗan ɗori. Duk inda igiyar ta fita daga wani abu ta shiga wani, sai wani kashi nata ya dawo. Saboda haka radar da ke bisa faifai tana jin amsa biyu, ɗaya daga saman dusa, ɗaya daga inda dusa ta gamu da ƙanƙara. In zurfin dusar santimita 30 ne, zuwa da dawowa 60 ke nan, tazarar amsoshin biyu wajen nanosakan 2.6.

Wanda ya ja kuwwa doguwa kusa da dutse ba zai rarrabe muryarsa da amsar ba. Haka nan rada ba za ta raba amsa biyu masu kusa haka ba sai kiranta ya zama gajere ainun, gajeren kira kuwa ba ya samuwa sai an gama zanguna masu yawa, dogo da gajere. Wannan shi ne sirrin radar dusa. Ba ta bukatar ƙarfi mai yawa, tun da abin da take nema yana kusa. Faɗin zangunanta shi ne dukiyarta.

6. Gurbin da ke tsakanin sanda da tauraro

Mai sanda awonsa gaskiya ne, amma wuri ɗaya yake sokawa, iska kuwa ta tara dusa a bayan kowace kunyar ƙanƙara ta share ta daga fili, kamar yadda take yi da rairayi. Yini guda bai wuce 'yan kilomitoci ba, ga sanyi, ga farar dabbar nan mai cin mutane a arewa, sa'an nan ba ya iya taka siririyar ƙanƙara, wadda ita ce aka fi bukatar saninta. Tauraro kuma yana ganin teku duka, amma kowane awo na CryoSat-2 yana gama fili mai wajen mita 300 a tsaye da fiye da kilomita ɗaya a kwance ya ba da lamba guda. Ba shi yiwuwa a gwada lambar nan da sukan sanda goma.

Daga 2009 zuwa 2019 NASA ta cike wani ɓangare na gurbin da manyan jiragen sama, a cikin shirin da ta kira IceBridge, ɗauke da radar dusa wadda Jami'ar Kansas ta ƙera. An sami ilmi mai yawa, amma babban jirgi yana da tsada, yana bukatar filin sauka, kuma yakan zo ne 'yan makonni a shekara. A tafiyar MOSAiC kuma, jirgin ruwan Jamus mai suna Polarstern ya bar Tromso ta ƙasar Norwe a Satumba ta 2019, ya bari ƙanƙara ta kama shi ta yi ta yawo da shi, kamar yadda Fridtjof Nansen ya yi da jirginsa Fram daga 1893 zuwa 1896, bai koma gida ba sai Oktoba ta 2020. Masanan cikinsa sun ja rada bisa ƙanƙara don su ga ainihin inda igiyar tauraro ke tsayawa a cikin dusa. Duk da haka abin da ake ja da hannu iyakarsa inda ƙafa ta kai.

Nan ne jirgi marar matuƙi ya sami wurinsa. Abu biyu suka gamu a lokaci guda: kayan rada suka ƙanƙance har suka shiga akwatin da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya, jiragen nan masu farfela da yawa kuma suka yi ƙarfin ɗaukar 'yan kiloli. A ƙarshen 2013 masanan Kansas suka gwada ƙaramin jirgi mai fukafukai ɗauke da rada bisa ƙanƙarar tudu a Antaktika. A Tromso, masanan jami'ar garin da na cibiyar bincike ta NORCE suka ƙera radar dusa mai nauyin wajen kilo 4, wadda zangunanta suka kama daga wajen santimita 30 zuwa 5, suka ɗaura ta a jirgi mai farfela takwas, suka buga sakamakonsu a 2020. A ƙasar Niyu Zilan kuma masanan Jami'ar Canterbury da na Lincoln Agritech suka ƙera tasu, suka gwada ta bisa ƙanƙarar teku a mashigin McMurdo na Antaktika.

Yadda ake aikin shi ne, a tsara wa jirgin hanya tun yana ƙasa, ya tashi 'yan mitoci bisa dusa, ya yi ta kai da komowa layi-layi kamar mai huɗa. Radar tana kira sau da yawa a kowane sakan, na'urar sanin wuri tana rubuta inda aka yi kowane kira. In aka jera amsoshin sai su fito kamar hoton bangon rami, layi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, tazararsu ita ce dusa. Sa'an nan mutane su bi wani yanki na hanyar da sanda, su kuma haƙa rami su auna nauyin dusar, gama saurin igiyar ya dogara ga nauyin. Ta haka sanda ke gaskata jirgi, jirgi kuma ya rufe fili daidai da abin da tauraro ke gani, ya gaskata tauraro. A 2020 aka ɗan gyara hanyar CryoSat-2 don ta riƙa dacewa da ta ICESat-2, a debe awon rada daga na leza a sami dusa daga sama. Wannan ma sai an gwada shi da awon ƙasa kafin a amince da shi.

7. Iyakar dabarar

Kowane gwani da inda ƙarfinsa ya tsaya. Babban abokin gāban rada shi ne gishiri mai laima. Sabuwar ƙanƙara tana fid da ruwan gishiri ta samanta, dusa ta tsotse shi kamar lagwani, sai igiyar ta dawo daga wannan jiƙaƙƙen wuri tun ba ta kai ƙanƙara ba. A kudu, inda dusa ta fi yawa, nauyinta yakan danna faifan har ruwan teku ya hau bisansa ya jiƙa gindin dusar. In rani ya zo dusa ta fara narkewa, igiyar ba ta shiga ko kaɗan. Ita kanta ƙanƙarar teku, saboda gishirin cikinta, tana shanye gajeren zango, don haka ƙaramar rada dusa take aunawa da kyau. Kaurin faifan kuwa da wata na'ura dabam ake nemansa, mai aiki da maganaɗisun lantarki, wadda jirgi mai saukar ungulu ke ratayawa.

Jirgin ma yana da nasa. Sanyi yana rage ƙarfin batir, jirgi mai kaya kuwa da wuya ya wuce rabin awa a sama. Hazo yana daskarewa bisa farfela. Allurar nuna arewa tana rikicewa kusa da ƙuryar duniya. Faifan kuma tafiya yake yi, wanda ya koma wurin da ya auna da safe bisa ga lambar taswira zai tarar wata ƙanƙara ce a wurin, sai an kafa alama bisa faifan an yi lissafi da ita.

8. Daga ƙanƙara zuwa yashi

Ƙa'idar nan ba ta san sanyi ko zafi ba. Abin da igiyar ke so shi ne busasshen abu marar gishiri, busasshen yashi kuwa haka yake, tana cin wajen santimita 15 a nanosakan a cikinsa. A Nuwamba ta 1981 wata rada da ke cikin kumbon Columbia ta ɗauki hoton hamadar da ke kan iyakar Masar da Sudan, sai ga kwarin tsofaffin koguna sun fito a ƙarƙashin rairayi, inda ido ba ya ganin kome. Nijeriya ma ba baƙuwar rada ba ce. A 1976 zuwa 1977 Sashen Gandun Daji na Tarayya ya sa aka ɗauki hoton ƙasar duka da rada daga jirgin sama, a shirin da aka kira NIRAD, aka zana taswirar itatuwa da gonaki da shi. An zaɓi rada ne don gajimare da hazo ba su tare ta. Wannan hoto na fuskar ƙasa ne, amma ya haɗa har da kwarin Gagare da Bunsuru.

Gulbin Gagare ya bi ta Ƙaurar Namoda, Bunsuru kuma ta ƙasar Zurmi, suka gangara arewa ta wajen Shinkafi da Isa, ruwansu ya shiga Rima, wanda aka datse a Goronyo a 1984. Da damina sukan cika su malala cikin fadamu. Da rani kuwa sai yashi shimfiɗe, ruwan yana kwance a ƙarƙashinsa. Mata da makiyaya suna tono su samu, manoman rani kuma, musamman tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990, suna kafa gajerun bututu su ja shi da inji zuwa ga albasa da shinkafa da tumatir. Tambayoyin mai kafa bututu guda uku ne: ina zurfin yashi kafin a kai ruwa, ina kaurin yashin kafin a taras da laka ko dutse, kuma ina tsohuwar hanyar gulbi ta bi a ƙarƙashin fadama? Wanda ya kuskure ya yi asarar kuɗin haƙa, wani lokaci har da amfanin shekara.

Radar da ake ja bisa ƙasa ta daɗe tana amsa irin waɗannan tambayoyi a wurare masu yashi. Iyakar busasshen yashi da jiƙaƙƙe tana mai da igiya kamar iyakar dusa da ƙanƙara, sai dai ana bukatar zango mafi tsawo don a kai 'yan mitoci. Abokin gāban ma yana nan, ya sake riga kawai: abin da gishiri ke yi a teku, shi laka da kanwa ke yi a fadama. Saboda haka tsakiyar gulbi da jigawa ne wurin wannan na'ura, baƙar laka kuwa sai wata dabara. Kuma kamar yadda ba a yarda da jirgi sai sanda ta gaskata shi, haka ba za a yarda da shi a nan ba sai an gwada da rijiyoyin da aka riga aka haƙa, da sanin tsofaffin masu tono, waɗanda suka san inda ruwa ke daɗewa har bazara.

Akwai kuma wata kama mai ɗaci. Abin da ya sa aka tura jirgi bisa siririyar ƙanƙara shi ne mutum ba ya iya zuwa. Rashin tsaron da ya addabi ƙasashen Shinkafi da Zurmi tun shekarun 2010 ya sa wurare da yawa sun yi wa ma'aikacin awo wuyar shiga. Amma wannan dalili shi ya sa hukuma ke tsananta wa irin jiragen nan. Tun 2016 ba a tashinsu a Nijeriya sai da izinin hukumar kula da jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, a Maris ta 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi shelar hana shawagi a sararin Jihar Zamfara. Duk jami'ar da ke nufin irin wannan aiki, da ƙofar hukuma da ta sarakuna za ta fara.

9. Abin da malami zai yi a aji

Ba sai da jirgi za a koyar da wannan ba. A sami kwano mai zurfi, a zuba ruwa lita ɗaya da gishiri giram 35, a sa guntun ƙanƙara mai shafaffen kai irin ta masu sayar da ruwan sanyi. Ɗalibai su auna tozo, su ninka sau goma, su ciro ƙanƙarar su gwada. Sa'an nan a mai da ita, a ɗora mata dusar gero, a sake awo daga saman dusar, su ga da idonsu yadda lissafin ya ɓaci. In aka sake gwajin da ruwan sha, aka yi wa bakin ruwan alama, za su ga narkewar ƙanƙara mai yawo ba ta ɗaga ruwa, watau cikar teku daga ƙanƙarar tudu take zuwa da kuma kumburin ruwa in ya yi ɗumi. Don amsa-kuwwa, a tsai da yaro mita 170 daga babban bango ko dutse ya tafa hannu, amsar za ta dawo bayan wajen sakan ɗaya, gama sauti yana cin wajen mita 340 a sakan.

In rani ya yi, inda hali ya ba da, a kai su gulbi da sandar ƙarfe da igiyar awo, su soka yashi kowane taki goma daga wannan gaɓa zuwa waccan, su rubuta zurfin da suka taras da laima, su zana shi a takarda. Hoton da zai fito shi ne irin wanda radar ke zanawa a McMurdo. Ɗalibin da ya yi wannan sau biyu, a Disamba da Afrilu, ya kuma ajiye takardarsa don 'yan baya, ya fara wa gulbinsa abin da Rashawan nan suka yi wa tekunsu da sanda, wanda aka ci moriyarsa shekaru da yawa bayan sun tashi.